Shekarar da Na Saci Dariyar Iya

Abu biyu kuke riƙe da ni a kansu, na sani, ko da ba ku cika faɗa a gabana ba. Na farko shi ne hoton nan da ke rataye a falo, wanda ke Zainabu kika taɓa cewa duk faɗin Faskari babu mai muninsa. Ni ne a ciki, a durƙushe cikin ƙasa, baki a buɗe, hula a karkace, yatsan wani ya tare kusurwa guda, fuskar kuma rabinta ta koɗe. Kuna mamakin yadda mutumin da ya tsufa yana ɗaukar hoto ya rasa abin ratayewa sai wannan. Na biyun ya fi nauyi. Kun ji cewa akwai hoto guda ɗaya na kakarku Iya tana dariya, kuma ni da bakina na sa aka goge shi bayan ta rasu. Duka biyun gaskiya ne. Amma labarinsu guda ne, kuma ban taɓa zama na ba ku shi daga tushe ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni malamin gona ne, ba mai hoto ba. Ban taɓa buɗe shago ba, ban taɓa tsayawa a gidan biki ina cewa a matso a yi murmushi ba. Lokacin da nake aiki a Ƙanƙara ne ofis ya ba ni wata tsohuwar kyamara mai fim, don in riƙa ɗauko hoton ciyawar wuta-wuta a gonakin dawa da tsutsa a jikin masara. To, ni tun ina ƙarami Allah ya yi ni da son sanin ƙwaƙwaf. In na gama da tsutsa fim ya yi saura, sai in ƙarasa shi a kan abin da idona ya tsaya. Wata rana a 'Yargoje na ga wani dattijo yana ɗaure damin gero, jijiyoyin hannunsa sun tashi, ya cije leɓe, sai na latsa. Da aka wanko hotunan a Funtua na koma da nasa na miƙa masa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

"Malam, ina ka samu hoton babana?"

Na ce masa ai shi ne da kansa. Ya sake dubawa, ya shafa haɓarsa.

"Ikon Allah. Yaushe na koma shi ban sani ba?"

Daga ranar nan abin ya shiga jinina. Na gane cewa mutum yana yawo da fuska shekara da shekaru bai san abin da ke cikinta ba, kuma wannan ɗan akwatin yana iya nuna masa. Da aka mai da ni Sabuwa, inda itatuwa suka fi mutane yawa, sai abin ya ƙaru. Na ɗauki mata masu tsintar kaɗanya, na ɗauki tsuntsun carki a bayan bijimi, na ɗauki jinkar rumbu iri-iri don ina son in san dalilin da ya sa ta kowane ƙauye ta bambanta. Na taɓa hawa ɗorawa don in leƙa cikin amya, zuma suka sauko da ni ba shiri, na yi kwana uku ido a kumbure, Ummanku tana shafa mini man shanu tana dariya. Kuma duk wanda na ɗauka sai na kai masa nasa, domin rabin daɗin abin a wurina shi ne in tsaya in ga fuskar mutum lokacin da yake kallon fuskarsa.

Bayan na yi ritaya na sayi kyamarar zamani, mai kati a ciki, mai ido da ke jawo abin da ke nesa ya zo har gabanka. A lokacin kuma an buɗe guruf na dangi a waya, duk wanda cibiyarsa ke Tafoki yana ciki, na Kaduna da na Ikko da na Fatakwal. Na mai da shi al'ada kowace Juma'a bayan an sauko masallaci in saka hoto guda. Kukar bakin gari, rijiyar da muka sha muna yara, masara ta fara goyo. In na makara sai a fara cewa, "Baba Malam, yau ba a ba mu na Juma'a ba." Ba zan ɓoye muku ba, yabon nan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

A duk wannan yawon, mutum ɗaya ce ban taɓa ɗauka ba, ita ce wadda ta haife ni. Ni ne ɗan farin Iya. Ku da kuka tashi kuna hawa cinyar Ummanku ba lallai ku gane nauyin wannan ba. A Tafokin da aka haife ni, mace mai mutunci ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata. Sauran mata sukan sassauta in ɗan ya girma, amma Iya ba ta sassauta ba ko na rana ɗaya, har da ita ake ba amare misali. Sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Ina Ƙanƙara takan ce "na Ƙanƙara", da aka yi mini canji na koma "na Sabuwa". In na durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa ƙanwata Hajara, autarta, ko da ina zaune taku biyu daga gare ta. Na san kuncinta na hagu da tsagar da ke kansa, na san kunnenta, na san ƙeyarta sarai. Dariyarta kuma ta bayan katanga kawai na santa, domin da zarar na yi sallama take ɗaukewa. Ban taɓa zargin ta ƙi ni ba, don kullum ƙullin daddawa da kuka mafi girma nawa ne. Amma tambaya guda ta zauna mini tun ina yaro: in Iya ta dubi mutum sosai, yaya fuskarta take? Kuma ni, ta taɓa dubana kuwa?

Sai ga shekarar da hanya ta lalace. 'Yan bindiga suka matsa, mutane suka fara kwashe tsofaffi da yara daga ƙauyuka. Hanyar Sabuwa da nake bi a babur ina waƙa ta zama sai da addu'a da tambayar wanda ya fito. Muka ce dole Iya ta baro Tafoki. Ƙanena yana Ikko, gidan Hajara kuma gidan suruki ne, saboda haka babu inda ya rage sai gidana, gidan ɗan fari. Sai da aka yi sawu uku kafin ta yarda, shi ma da sharaɗi: a ba ta ɗakin baya, wanda ƙofarsa ba ta kallon hanyar da nake wucewa. Daga ranar da ta tare na samu sabon suna, na zama "mai gidan nan".

Ni kuwa ga kyamara ga rashin wurin zuwa. Na ɗauki ƙadangarun gidan nan har sun san ni. Na ɗauki tukwanen Ummanku, na ɗauki inuwar turmi da safe da inuwarsa da yamma. Kullum kuma ina jin motsin Iya a bayan gida, tarinta, ƙarar carbinta, faɗan da take yi da kaji. Hoton da muke da shi nata ɗaya ne, na katin zaɓe, ɗan mitsitsi, ido a ƙasa, kamar wadda ake yi wa faɗa. Da Goggonku Hajara ta zo daga Ƙanƙara ganin ta, sai na aike ta da roƙo, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina ji.

"Iya, Yaya shina son shi ɗauke ki hoto, don jikoki."

"Wane Yaya?"

"Yaya dai guda nawa gare ni a gidan nan?"

"Jikokin ba su da ido ne? Ga ni zamne, su zo su kalle ni."

"To ni in ɗauka?"

"Ki ɗauka ki kai ma wa? Ke Hajara, kar ki maishe ni abin wasa. Shi tahi shi ɗauki ƙadangarunshi."

Da mai hankali ne da ya tsaya nan. Ni kuwa na koma ɗaki ina ce wa kaina ai wannan ba addini ba ne, al'ada ce kawai, kuma wata rana ita ma za a gode mini.

Washegari bayan la'asar na shiga ɗakin da muke ajiye buhuna neman igiya. Ɗakin yana da 'yar taga mai kallon gindin mangwaro, a can kuwa Iya da Hajara suna zaune suna ɓarar gyaɗa. Hajara tana ba ta labarin yadda mijinta ya faɗa taɓo da babur, da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, tana kwaikwayon yadda ya tashi yana gaishe da mutane kamar ba abin da ya faru. Na ji dariyar nan da na sani ta bayan katanga. Ban san lokacin da na je na ɗauko kyamara ba. Rana ta yi sanyi, haskenta ya biyo ta ƙarƙashin ganye ya sauka daidai kansu. Iya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, furfura ta fito, ta ɗago kai tana share hawaye da bayan hannu, fuskarta ta juyo sak wajen tagar. Ba ta gan ni ba, cikin ɗakin da duhu. Na latsa sau ɗaya.

Kwana uku ina kallon hoton nan ban nuna wa kowa ba. Ina da shekara sittin da ɗoriya, ranar na fara ganin fuskar uwata gaba da gaba. Ashe ƙwayar idonta ba baƙa ba ce, ruwan ƙasa ce irin tawa. Ashe akwai ɗan tabo a kan girarta ta dama, ɓangaren da ba ta taɓa juyo mini ba. Ashe wushiryar da nake taƙama da ita, tata ce. Nakan jawo hoton in ƙara girmansa, in bi shi lungu-lungu kamar yadda nake bin ganyen masara. Kuma duk wanda ya kalle shi zai rantse ni take wa dariyar. Na san ba ni ba ne, amma na bar zuciyata ta yarda, kuma na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Da a nan na tsaya, da laifin ya zauna tsakanina da Allah. Amma Juma'a ta zo, kuma hannuna ya saba. Na ce wannan shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka, yaya za a yi in ci shi ni kaɗai? Na saka shi a guruf, na rubuta a ƙasa, "Iya, Allah ya ƙara lafiya." Kafin in cire rigar masallaci waya ta fara ƙara. Na Ikko suna kuka, na Kaduna suna addu'a, jikoki suna ɗora shi a fuskar wayoyinsu. Ina cikin karanta yabo Ummanku ta shigo, ludayi a hannu, wayarta a ɗaya hannun.

"Malam, mi ka yi haka?"

"Hoto. Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau mana. Ita ta sani?"

"Hajiya Rabi, Iya ko waya ba ta riƙewa. Ina za ta gani?"

"Ita ba ta da waya, amma garin nan kowa na da."

Na ce mata ta cika tsoro. Ranar Lahadi aka yi suna a maƙwabta, gidan wasu 'yan Tafoki da su ma suka dawo gari. Iya ta tafi da sandarta, ta zauna cikin tsofaffi sa'o'inta, waɗanda suka yi zaman aure tare. A nan wata matar gidan ta kawo waya ta nuna mata, da kyakkyawar niyya. Ummanku tana wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce wayar ta zaga hannu-hannu, sai wata tsohuwa ta tambaya wa ya ɗauka. Aka ce ɗanta, malamin gona. Sai tsohuwar ta tafa hannu.

"Ɗan farin? Lallai birni ya yi daɗi! Ke da anka ce ko inuwarshi ba ki takawa, ga ki kin zamna gabanshi ba kallabi kina washe mishi haƙora."

Aka yi shewa. Wasa suke yi, irin na tsofaffi, ba wanda ya yi nufin cin fuska. Amma abin da ni na gani a hoton na ji daɗi, shi su ma suka gani: mace tana kallon ɗanta na fari ido cikin ido tana dariya. Abin da ta tsare shekara sittin, na nuna wa duniya cewa ta zubar, alhali ba ta zubar ba. Ban yi tunanin wannan ba ko sau ɗaya. Ni haske na gani da kyan fuska.

Iya ta dawo ta shige ɗakinta. Aka kai mata tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Da safe na fito na tarar da ƙullin kayanta a ƙofar ɗaki, tana zaune a kai da mayafi, ta ba hanyata baya. Ta kira Ummanku, ta yi magana da ƙarfi yadda zan ji.

"Rabi, a nemo mani mota. Tahoki za ni."

"Haba Iya, kin san yadda hanya take. Gidan ma ba kowa."

"Can in an zo ɗaukata ina gani. Nan kuwa an ɗauke ni ban sani ba."

Raina ya ɓaci, kuma kun san ni in raina ya ɓaci. Na tsaya a tsakar gida ina yi wa Ummanku lacca, don ba ni da damar yi wa Iya. Na ce wace aya ce ta hana uwa kallon ɗanta? Na ce duk duniya ana ajiye hoton iyaye. Na ce ni fa ba bare ba ne. Iya ba ta motsa ba har na gaji na yi shiru. Sannan ta ce, har yanzu Ummanku take wa magana:

"Ki tambaye shi. Wanda duk ya ɗauka a ƙauyukka, ba ya kan kai mishi nashi ya gani ba? Ni mi ya sa sai a gidan suna na ga nawa?"

Gaskiya ta faɗa. Ban kai mata ba ne saboda na san sata na yi.

Ranar na koyi cewa saka hoto minti ɗaya ne, janye shi kuwa aikin mako ne. Na goge na guruf, amma ya riga ya sauka a wayoyi. Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya da kira, manya da waɗanda na haifa, ina roƙo a goge. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce na cika tsohon yayi, ke Zainabu har kuka kika yi mini. Na shiga gidajen maƙwabta da ƙafata, na tsaya a zaure ina ba mazan haƙuri su sa matansu su goge, ina gaya wa kowa gaskiya: ta taga na ɗauka, ba ta san ina wurin ba. Dattijo da furfurarsa yana shelar cewa ya yi wa uwarsa laɓe. Ban taɓa jin kunya irin ta makon nan ba, amma ita ce kaɗai hanyar da zan mayar mata da abin da na ɗauke. Duk kwanakin nan ƙullin kayanta yana nan a ɗaure.

Saura guda, na cikin kyamarata. Ummanku, da tausayina ya kama ta, ta ce in cire katin in jefa a ƙasan akwati, wa zai sani? Na yi kwana biyu ina juya maganar. A ƙarshe na ga in na ajiye shi, duk gaisuwar da zan yi mata nan gaba da ƙarya a aljihuna zan yi ta. Da hantsi na je ƙofar ɗakinta na durƙusa, na sa Ummanku ta tsaya shaida. Na buɗe hoton na yi masa kallon ƙarshe. Kyamarar ta tambaye ni ko na tabbata, na latsa.

Ummanku ta ce, "Iya, ya goge. Na gani da idona, babu saura."

Sannan muka ji tana kwance ƙullin kaya.

"Ki ce ma mai gidan nan an gode. A kawo mani koko."

Na daina saka hoton Juma'a na wani lokaci, na koma kan ƙananan halittu waɗanda ba su da surukai. Bayan kamar wata guda, ina durƙushe a bayan rumbu ina bin tururuwa da ke jan ƙwayar dawa, ina son in ga yadda suke shigar da ita rami, sai na ji an ƙwala mini kira, "Malam!" Na ɗago a fusace, baki buɗe, sai na ga Ummanku ta saita ni da waya. Kun san ta da hoto, in ba ta yanke kai ba ta yanke ƙafa. Na ce mene ne haka? Ta ce waya take gwadawa. Na yi mata faɗan ta kore mini tururuwa, na manta da zancen.

Iya ta ƙara damina biyu a gidan nan. Idonta ya yi ta raguwa har sai ta kawo abu dab da hanci take gane shi. Ba abin da ya canja tsakaninmu, ina gaishe ta tana amsa wa bango. Ta rasu wata safiyar Talata, bayan gajeriyar jinya, kanta a cinyar Hajara. Ni ina bakin ƙofa, inda na saba tsayawa.

Ranar sadakar uku, Baffanku Isuhu na Kaduna, ɗan ƙanin mahaifina, ya ja ni gefe a zaure.

"Yaya, in faɗa maka gaskiya? Hoton nan ban goge ba. Na ce wata rana za ka nema. In turo maka?"

Wallahi na so shi kamar in fizge wayar daga hannunsa. Na ce a raina yanzu ai ba ta nan, wace tsohuwa za ta yi mata shewa? Na ce masa ya dakata tukuna, zan kira shi.

Bayan kwana bakwai mata suka zauna fitar da kayanta. Ina ɗaki Hajara ta leƙo ta ce in zo. A gabansu akwai kwallar Iya, inda take ajiye zannuwanta na fita da turare. A can ƙasa, cikin wani tsohon ɗankwali, Hajara ta zaro hoto ta miƙo mini. Ni ne, durƙushe a bayan rumbu, baki buɗe, ga yatsan Ummanku a kusurwa. Gefunansa sun yi laushi, yana ƙanshin man kaɗanya, fuskar kuma daga goshi zuwa kunci ta koɗe. Na dubi Ummanku. Ta sunkuyar da kai tana kuka.

"Ita ta sa ni, Malam. Bayan ka goge nata da kwana kaɗan ta kira ni. Ta ce, 'Shi ya samu ya ga tawa fuskar. Ni rabona da in kalli tashi da kyau tun ranar da anka yaye shi. Ki ɗauko mani, ki kai a wanke, kar ki hwaɗa mishi ina da rai.'"

Hajara ce ta tambaye ta abin da Iya ta ce da ta gani.

"Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, 'Ashe hancin babanshi ya ɗauko. Idon kuwa nawa ne.' Ta tambaye ni yaushe ya yi furfura haka. Kullum in ta gama walaha sai ta sa in turo mata ƙofa. Da idon ya tafi, sai ta koma shafawa."

Ashe son sanin ƙwaƙwaf ɗin ma a nono na sha shi. Shekara sittin ina wannan gefen katanga ina tambayar yaya fuskarta take, ita ma tana wancan gefen da irin tambayar. Bambancinmu, ita da ta samu nata ba ta kai shi gidan suna ba.

Da yamma na kira Baffanku Isuhu na ce ya goge, kuma ya goge ina kan layi. Ya ce, "Yaya, ka tabbata? Shi ke nan fa babu wani." Na ce na tabbata. Na san da na karɓa da yanzu kuna da fuskar kakarku kuna nuna wa 'ya'yanku, kuma ni na hana ku wannan. Ban ce ba ku yi asara ba. Ni ma na yi, domin yanzu in na rufe ido ina neman dariyar nan, wani lokaci takan zo, wani lokaci sai kuncin hagu kawai nake gani. Amma ta ce a'a tana da rai, kuma mutuwa ba ta mai da ita i ba.

Zainabu, kin sha cewa in ba ki na falon ki kai a gyara fuskar a kwamfuta. Kada a gyara. Ba ruwa ne ya taɓa wurin ba, ba rana ba ce. Yatsan Iya ne, kullum da walaha, damina biyu. In na mutu ku bar shi inda yake.